Raba-Daidai da Kuɗin Wutar Ɗakin Mata

Mijin ƙanwata bai taɓa ɗinka takalmi ko ƙafa ɗaya ba. In ka miƙa masa basilla, ta wajen tsinin zai kama. Amma duk shekarun da muka yi a kamfanin takalma, babu takalmin da ya fita ƙofa sai ya faɗa masa nawa ya ci. Shi ne akawun kamfanin, ni kuma ni ce babba a ɗakin mata masu ɗinkin hannu. Kowa Raba-Daidai yake ce masa, tun daga maigadi har Mai Kamfani, kuma ni na laƙaba masa sunan.

Ranar da ya fara zuwa gidanmu neman autarmu aka ajiye masa lemo a faranti. Da wani saurayin ne, da ya sha abinsa ya goge baki. Shi kuwa sai ya ɓare guda, ya bi mutanen ɗakin da ido, ya miƙa wa kowa sala ɗaya. Aka yi ragowar guda. Wallahi sai da ya sa farce ya tsattsaga ta yadda kowa zai samu, ruwan na bin gwiwar hannunsa. Da ya tafi na ce wa Auta, “Ki aure shi. Wannan ba zai taɓa cutar ki ba. Ba kuma zai taɓa yi miki ƙari ba.” Ta aure shi, maganata kuwa ba ta faɗi ƙasa ba.

Dogo ne siriri, kamar an kama shi an ja, da tabarau mai kauri da fensir a bayan kunne. Ko gaisuwar mara lafiya ya je, fensirin na nan. Ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Komai ka tambaye shi, ko da ƙarfe nawa ne, sai ya ce, “Bari mu duba.”

Kamfanin a lokacin wani dogon zaure ne mai rufin kwano, a ƙarshen layin da manyan motoci ke juyawa. Tun daga bakin titi warin fata da na gam ke tarbar mutum. Maza na can ciki suna yankan fata a kan tebura masu kauri, mu kuma muna ɓangaren tagogi, kowace da kujerarta, ƙafar katako a cinya, zare a baki, basilla a hannu. Tagogin nan manya ne, daga ƙugu har kusa da rufi, rana na shigowa ta kwanta mana a kan aiki tun safe. Muna ɗinki muna hira, hira ta zama gulma, in gulma ta ƙare mu ɗauko waƙa. Babu auren da aka ɗaura ko aka kashe a unguwar da ba mu sake shari'arsa a ɗakin nan ba. Ofishin Raba-Daidai yana sama, ɗan ɗaki na gilashi da fanka, inda yake hango kowa. Daga can muke jiyo injin lissafinsa mai hannu, ƙacau, ƙacau, kamar mai niƙa abin da ya ƙi niƙuwa.

Na daɗe ban san ainihin aikinsa ba. A ganina mutum ne da ake biya don ya zauna a ƙarƙashin fanka. Wata rana na je gidansu na same shi ya baje takardu a tsakar gida, na ce, “Wai kai don Allah me kake lissafawa? Fata an san kuɗinta, zare an san kuɗinsa, mu ma an san ɗan abin da ake ba mu wanda ba ya kai mu ko'ina. Saura me?”

“Saura da yawa, Yaya. Hayar ginin fa? Kuɗin wuta, kuɗin ruwa, albashin maigadi, na mai shara, gyaran rufi in ya yi yoyo?”

“Da naka albashin.”

“Da nawa albashin. Fatar da ke jikin takalmi kin san tasa ce. Amma maigadi wane takalmi ya tsare? Duka ya tsare. To dole kowane takalmi ya ɗauki wani abu daga ciki, in ba haka ba mu riƙa sayarwa muna murna alhali faɗuwa muke yi. Shi muke kira kuɗin tarayya.”

“Marayu ke nan,” na ce. “Kuɗin da ba su da uba, kai ne mai nemo musu wanda zai riƙe su.”

Bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai ya yi nazari, ya ce, “Kusan haka ne.”

Hanyar rabon nasa mai sauƙi ce, kuma shi ya kawo ta kamfanin. Sai ya tara kuɗin tarayya na wata, ya raba a kan awoyin da hannuwan ma'aikata suka yi suna aiki. Takalmin da ya daɗe a hannu ya ɗauki da yawa, wanda ya wuce da sauri ya ɗauki kaɗan. A lokacin komai da hannu ake yi, don haka babu wanda aka danne. Yana ji da wannan hanya tasa kamar ɗan fari. Mai Kamfani ma in ya yi baƙi sai ya hau da su sama ya nuna musu shi kamar sabuwar mota.

Abin bai tsaya a ofis ba. Auta ta taɓa fara sayar da ƙanƙara daga firjin gida. Ƙarshen wata tana murna ta ci riba, sai ya zaunar da ita ya cire mata kason wuta, ya cire na ruwa, ya cire na tsufan firji. Abin da ya rage ko ashana ba zai saya ba. Washegari ya dawo daga aiki ya jiƙe da gumi ya nemi ruwan sanyi, ta ɗebo masa na famfo, ta ce, “Baban yara, na firji akwai kason wuta a kansa. Ka zo da kuɗi?” Tun daga nan in na so tsokanarsa sai in tambaye shi tsufan firji ya kai nawa.

Sai injin ya zo.

Injin silifa ne na roba, ƙato, sai da aka fasa bango kafin ya shiga. Aka yanka masa rabin zauren, aka gina katanga tsakaninmu da shi, aka bar ƙofa guda. 'Yan maza ƙalilan ke kula da shi. A zuba masa ƙwayoyin roba ta sama, ya yi gurnani, ya ɗau zafi, ya dinga tofo silifa ta ƙasa kamar ba gobe. Aka ɗaukar masa bakanike na kansa, aka sayo masa janareta don kada ya yi fushi in an ɗauke wuta, aka kafa masa tankin mai. Mu da muka tsufa muna roƙon fanka ɗaya ba mu samu ba. Mai Kamfani kullum da safe sai ya shafa injin kafin ya tuna da gaishe mu.

Kuɗin tarayya ya kumbura. Wuta ta ninka ta sake ninkawa, ga mai, ga kayan gyara, ga albashin bakanike. Raba-Daidai ya ci gaba da abin da ya saba: ya tara, ya raba a kan awoyin hannu. Hannuwa kuwa a ɗakinmu suke. Mu ne masu yawa, mu ne masu daɗewa a kan takalmi ɗaya. Silifa ko gaisawa da hannu ba ta yi sosai, daga bakin inji sai kwali. Saboda haka a takardarsa takalmin fata ya riƙa yin nauyi wata bayan wata, silifa kuma tana ta walwala da riba.

Mai Kamfani ya duba ya ce to a ƙara wa takalmin fata kuɗi. Diloli suka ji farashi suka rage saye. Da saye ya ragu, takalman da za su ɗauki kuɗin tarayyar suka ragu, kowanne ya ƙara nauyi. Aka sake ƙara kuɗi. Diloli suka sake ja da baya. Daga nan aka fara rage mu. Wadda aka fara sallama ita ce Gwaggo, tsohuwar da ta koya wa rabinmu riƙon basilla, don an ce hannunta ya yi sanyi. Ta naɗe tabarmar sallarta ta ɗauki kofin shayinta ta fita ba ta waiwaya ba. Wasu suka bi ta. Kujeru suka fara zama fanko, waƙa ta rage daɗi, don Gwaggo ce mai amshi.

Ran nan Mai Kamfani ya sauko da kansa, Raba-Daidai na biye da shi da takarda a hannu, idonsa a ƙasa. Ya ce ya yi haƙuri iya haƙuri, amma ɗakinmu cin kamfanin yake yi. Ƙarshen wata mai zuwa za a rufe shi, a sa inji na biyu a wurin. Ya ce ba son ransa ba ne, ga akawu nan, lissafi ne ya nuna.

Ni a lokacin mijina ya rasu, yara na makaranta, basillar nan ita ce uwa ita ce uba. Yawancin matan ɗakin ma haka suke, kowace da bakunan da ke jiran ta. Babu wadda ta yi kuka a gaban Mai Kamfani. Sai da ya hau sama.

Da aka tashi ban wuce gida ba, gidan Auta na nufa. Na same shi ya cire takalmi yana shan iska.

“Sannu da aiki, mai yankan mutane da fensir.”

“Yaya, ki zauna.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Na zo in ga fuskar mutumin da na ce wa ƙanwata ba zai cuci kowa ba.”

“Ba ni na ce a rufe ba. Lissafi ne.”

“Au, shi ya rubuta kansa? Da hannunsa ya ɗauki fensir daga bayan kunnenka?”

“Na duba, Yaya. Na sake dubawa. Na bi kowane layi daga sama har ƙasa, na juyo daga ƙasa har sama. Babu inda na yi kuskuren tarawa ko na ɗebewa. Da akwai, da na fi kowa murna.”

Auta na tsaye a ƙofar kicin da ludayi, ta rasa wanda za ta ba haƙuri. Ta ce, “Yaya, ko abinci ba ya iya ci fa.”

“To ya saba, don mu ma za mu daina ci kwanan nan.”

Na fita na bar shi. Gaskiya ya faɗa kuwa. Tarawarsa daidai take, ɗebewarsa daidai. Ko fensir ɗinsa ka tsare da bulala ba zai nuna maka kuskure ba.

Kwanaki suka tafi, muna ɗinki ba waƙa. Sai wata rana da rana tsaka aka ɗauke wuta. Aka je tayar da janareta ya yi tari ya mutu. Bakanike ya buɗe cikinsa ya zage shi, ya hau babur ya tafi neman abin da ya ƙone. Injin ya yi tsit. Rabon da kunnuwanmu su ji irin wannan shirun tun kafin a fasa bango. Har kukan tsuntsaye a kan rufi muka ji. Masu kula da injin suka fito suka miƙe a kan kwalaye, ɗaya har da minshari.

Mu kuwa me ya dame mu? Rana na nan a tagoginmu. Muka ci gaba da ɗinki. Wata ta ja tsohuwar waƙar da muka daɗe ba mu yi ba, saura suka amsa, ɗakin ya koma kamar da.

Fankar Raba-Daidai ta tsaya, gilashi ya fara dafa shi, ya sauko. Ya zo ya tsaya a ƙofar nan da ke tsakaninmu da injin. Ya dubi can, duhu da shiru da mutane a kwance. Ya dubi nan, hannuwa na ta kai da kawowa.

“Ka zo ƙirga mu ne kafin a kore mu?” na ce. “Ƙirga da kyau, kada a manta da wata a ciki a rufe.”

Bai ji ni ba. Kansa na sama, yana kallon 'yan ƙwayayen fitilar da ke rataye a rufinmu, duk ƙura da yanar gizo.

“Yaya, fitilun nan yaushe kuke kunna su?”

“In hadari ya haɗu. Ko in wata ta yar da allura.”

“Ban da su fa? Me kuke sa wa a wuta?”

“Fankar da ka saya mana,” in ji wata daga baya. Ɗaki ya kwashe da dariya.

Shi bai yi ba. Fuskarsa ta sauya, ya laluba ya zauna a kan gwangwanin gam, bai ma duba ko a rufe yake ba. Na zaci jiri ne ya ɗebe shi, na ce a kawo ruwa. Ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake, “Kaso uku cikin huɗu.”

“Na me?”

“Na kuɗin wuta. Da na mai. Da na bakanike. Ku nake ɗora wa.”

Ni a lokacin ban gane zurfin maganar ba. Abin da na gani shi ne wandonsa ya manne da gwangwani, sai da mata biyu suka ja shi.

Daga washegari muka ga sabon abu. Raba-Daidai ya bar ofis. Kafin a kunna inji yana gaban mita, in an kashe yana gaban mita. Ya bi bakanike har tanki yana tsoma sanda. Ya zo da tef yana auna ƙasa, ɗakinmu, ɗakin inji, sito, har lungun da maigadi ke ajiye butarsa. Mata suka samu abin yi.

“Akawu, awon likkafani ake mana?”

“Ki ɗaga ƙafa, Hajiya.”

“Ka auna ni ma, ka gaya wa mijina nawa nake ci,” in ji wata.

Yana rarrafe a ƙarƙashin kujeru da tabarau a kan hanci.

Auta ce ta gaya mini abin da ya faru a gida. Da ya gama lissafinsa ya zaunar da ita ya ce zai je ya faɗa wa Mai Kamfani. Ta san an yi masa alkawarin kujerar manaja da zarar inji na biyu ya iso, har ta fara zaɓen labule a zuciyarta. Ta ce, “Baban yara, ba sai ka gyara a hankali ba? Wannan watan kaɗan, wata mai zuwa kaɗan, ka ce abubuwa ne suka canza?” Ya ce, “Kafin kaɗan-kaɗan ɗin ya isa an rufe ɗakin.” Ta ce, “In ya kore ka fa?” Ya ce, “Sai ki koma sayar da ƙanƙara. Ba zan cire miki komai ba.” Ta ce a duk zamansu ranar ce ta fara jin ya yi wasa, kuma ba ta yi dariya ba.

Da zai hau wurin Mai Kamfani ya tsaya a kaina ya ce in biyo shi, tunda ɗakina ne ake magana a kai. Na ajiye basilla na bi shi. Muka hau matakala.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “na zo kawo ƙarar akawunka.”

Mai Kamfani ya ajiye kofin shayi. “Wane akawu nake da shi ban da kai?”

“Shi ɗin ne.”

Ya shimfiɗa takardu biyu a tebur. Ya ce ta farko yadda yake rabo ne tun da, komai a kan awoyin hannu. Ta biyu kuma ya ware kowane kuɗi ya bi sawunsa. Wuta da mai da bakanike da kayan gyara ya ɗora su a kan awoyin da inji ke gudu, ya ba mu ɗan abin da fitilunmu suka ci. Haya ya raba gwargwadon filin da kowa ya tare. Maigadi da mai shara da shi kansa ya bar su a kan awoyin hannu, don bai sami abin da ya fi shi dacewa ba. Jimillar ba ta canza ba, ko sisi. Wanda ke ɗauka ne ya canza.

“To sai me?” in ji Mai Kamfani.

“Takalmin fata yana cin riba, ranka ya daɗe, ko a tsohon farashinsa. Silifa ce muke sayarwa ƙasa da abin da ta ci. Shi ya sa diloli ke rububinta.”

Mai Kamfani ya ja takardar, ya kawo ta kusa da ido, ya nesanta ta. Ta gilashi ana hango injinsa a ƙasa yana ta tofo silifa.

“Kuma ko an rufe ɗakin,” Raba-Daidai ya ci gaba, “mai gini ba zai rage haya ba, maigadi ba zai tsare rabin ƙofa ba. Duk su koma kan silifa ita kaɗai.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da injin ya shigo.”

“Shekaru nawa ina kawo baƙi ina nuna ka! Na ƙara farashi a kan maganarka, na sallami mutane a kan maganarka, na kusa sayo inji na biyu a kan maganarka. Wa ya gano wannan?”

“Wanda ya ɓata, ranka ya daɗe.”

Na kasa haƙuri na ce, “Ranka ya daɗe, ashe mu ne muke ciyar da ɗan lelen naka, yana mana gurnani.”

“Ke kuma wa ya sa bakinki?”

“Babu. Ai ba ya cin wuta, shi ya sa nake barinsa a kunne.”

Ya nuna mana ƙofa mu duka. Muna saukowa na ga bayan rigar Raba-Daidai ya jiƙe sharkaf. Na so in ce masa wani abu mai daɗi, bakina bai saba ba. Na ce, “Ka dai wanke wandon nan, har yanzu akwai gam.”

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, babu wanda ya zo da kwaɗo. Mai Kamfani bai sauko ya ce ya janye ba, irinsu ba sa saukowa. Sai dai muka ji an fasa sayen inji na biyu, an mayar da takalmin fata tsohon farashinsa, an ɗan ɗaga wa silifa. Diloli suka yi gunaguni, suka dawo. Kujerar manaja kuwa wani aka kawo daga waje ya hau, aka ba shi ɗakin gilashi da fanka. Raba-Daidai aka sauko da teburinsa da injin lissafinsa aka ajiye a kusurwar ɗakinmu, kusa da inda ake shanya gam. Ba a kore shi ba, ba a kuma sake nuna wa baƙi shi ba.

Ranar farko da ya tare, abin da ya fara yi shi ne ya fito da tef ya auna filin da teburinsa ya ci, ya cire mana shi daga kason haya. Na ce, “Allah ya shirye ka.” Ya ce, “Amin, Yaya. Ki ɗaga ƙafa.”

Matan da aka sallama shi ya bi su gida-gida da ƙafarsa. Wasu sun dawo. Wasu sun riga sun kama wata sana'a. Gwaggo ta saurare shi har ya gama, ta ce ta ji, ta kuma yafe, amma idonta ya riga ya huta da zare, ba za ta sake wahalar da shi ba. Kujerarta babu wadda ta hau. Shi yake share mata ƙura da hankicinsa, yana zaton ba mu gani.

A kusurwar nan ya ƙare aikinsa. Ya sha warin gam, ya sha gulma, har ya fara sanin wadda ke fushi da mijinta daga yadda take jan zare. Muna waƙa, injin lissafinsa na mana kiɗa, ƙacau, ƙacau. Kuma bai sake ɗaukar wata hanyar rabo a matsayin ta har abada ba. Ko butar lantarki aka sayo sai ka gan shi ya miƙe da tef da fensir, yana tambayar wa ke shan shayi. Da a ƙarshe aka kawo mana fanka, sai da ya sa mana kasonta. Mun biya muna murna.

Ɗakin ya rayu har gashinmu ya yi fari. A nan na aurar da 'ya'yana, da basillar nan. Kamfanin ya tashi daga baya, bayan Mai Kamfani ya rasu 'ya'yansa suka kasa jituwa. Kwanaki na wuce ta layin, ginin ya zama sito, an toshe tagogin da bulo. Na tsaya na shaƙi iska ko zan ji warin fata, sai na siminti.

A ciwon Raba-Daidai na ƙarshe na je duba shi, na kai masa lemo. Ya rame har tabarau ya yi masa yawa, amma fensirin na bayan kunne, Auta ta ce in ta cire ba ya iya barci. Ya ce a ɗaga shi zaune. Ya ɗauki lemo guda ya ɓare da kansa, ya hana kowa taya shi. Ya ba Auta nata, ya ajiye wa kansa ɗan kaɗan, ya tura mini kusan rabi.

“Kai, Raba-Daidai, yau lissafi ya ɓace maka? Dubi nawa, dubi na matarka.”

Ya gyara tabarau ya dube ni ta samansa.

“An daina wannan rabon tuntuni, Yaya. Yanzu gwargwadon aiki ake yi. Bakinki kuwa ya fi na kowa aiki.”

Auta ta yi dariya har da hawaye. Ni kuma na shanye abina, ban rage wa kowa ba.